Amirin Tafiya Ya Gaza a Kan Dutse: Nazarin Tafiyar Mutum Bakwai Daga Agege Zuwa Chappal Waddi

Mutum bakwai ne suka tashi daga Agege a wani watan Janairu da nufin taka ƙololuwar Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya. Uku suka kai. Duka bakwai ɗin sun dawo Legas da ƙafafunsu, amma sai da aka yi zaman sulhu kafin biyu daga cikinsu su koma gaisawa yadda suka saba. Majalisarmu ɗaya da su, na ji labarin ta bakin mafi yawansu, na kuma halarci zaman. Ba zan kama sunan kowa ba, sana'a da matsayi sun isa.

Hawan dutse don yawon buɗe ido ya fara shiga ran samarinmu na Legas, kuma duk inda ka ji ana shiri, lissafin takalmi da kuɗin mota ake yi. Waɗannan bakwai sun yi wannan lissafin, sun kuma yi shi da kyau. Abin da ya kusa jawo musu asara tambaya ce guda da ba wanda ya yi tun a Agege: idan shugaban tafiyar ne da kansa ya gaza, wa ke da bakin ce masa ya tsaya?

Su wane ne, ina kuma suka nufa

Babbansu Alhaji ne, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, mutumin Aliero ta jihar Kebbi, ya haura shekara 55, mafi yawansu a Legas ya yi su. Shi ya biya wa kansa da yaran rumfarsa biyu, ya kuma ƙara wani abu a asusun gayya, don haka kusan rabin kuɗin tafiyar daga aljihunsa ya fito. Babban yaron ya taɓa yin dako a kasuwar kafin Alhaji ya ja shi jiki, buhun albasa ba baƙon kafaɗarsa ba ne. Ƙaramin ɗan 'yar uwar Alhaji ne, bai daɗe da zuwa daga gida ba.

Sai wani ma'aikacin banki a Ikeja, haifaffen Agege, wanda shi ya kawo maganar bayan ya ga hotunan Mambilla a Instagram. Shi aka ba riƙon littafin kuɗi, daga nan sunan Sakatare ya bi shi. Akwai direban tanka da ke lodi a Apapa, wanda ya san hanyoyin Binuwai da Taraba, akwai malamin Islamiyya, akwai kuma mai kemis na unguwa.

Chappal Waddi yana jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, tsawonsa mita 2,419 daga doron teku. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, kuma babu gandun dajin ƙasa da ya kai shi faɗi a Najeriya, don ya haura murabba'in kilomita 6,000. Saboda haka ba dutsen da mutum zai saɓa jaka ya hau gaban kansa ba ne. Sai an biya ta ofishin gandun a Serti, an karɓi izini, an haɗa ku da jami'i. Ana iya hawa ta ƙauyen Gashaka, hanyar da ke cin kwanaki ana ratsa kurmi da rafuka. Ana kuma iya bi ta saman tsaunin Mambilla, inda mota ke kai mutum Nguroje, babur ya kai shi Njawai, sannan ƙafa ta karɓa. Ta biyun suka zaɓa, saboda hutun da Sakatare ya samu a wurin aiki ƙayyadadde ne.

Shirin da aka yi a Legas

Da adashi aka tara kuɗin cikin watanni, aka ware ɗan kaso na ko-ta-kwana. Janairu kuwa kasuwa ce ta zaɓa musu shi. A Disamba ba ɗan Mile 12 da zai rufe rumfa ya tafi kallon dutse, damina kuma a Mambilla doguwa ce, tun wajen Afrilu ake ruwa har Oktoba, hanyoyin ƙauye su koma taɓo, rafuka su cika. Abin da ba su auna ba shi ne Janairu tsakiyar hunturu ne. Hazo na rufe nesa, makiyaya sun ƙone busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tsiro, dare kuma sanyi ne mai shiga ƙashi. Hotunan nan kore shar da suka ja hankalin Sakatare na ƙarshen damina ne.

Legas shimfiɗe take a bakin teku, ba tudun kirki, sai suka yi dabara. Bayan sallar asuba su yi doguwar tafiya da jaka a baya, ranar Lahadi su je gadojin sama na masu ƙafa a Ikeja da Oshodi su yi ta hawa da sauka har masu wucewa su tsaya kallonsu. Sun shiga jirgin ƙasa daga tashar Agege zuwa Abeokuta sun hau dutsen Olumo, sai dai Olumo mita 137 ne, ga matakala an gina masa. Huɗu daga cikinsu sun ƙara da Idanre a jihar Ondo, mai matakala sama da 600, kuma a can suka fara gane cewa saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Rigunan sanyi, safa mai kauri da takalma masu ƙarfin ƙasa duk a gwanjon Katangowa suka saya. Direba ya matsa kowa ya riƙa sa takalminsa makonni kafin tafiya don ya saba da ƙafa, kuma shawarar ta yi rana, don ba wanda ƙafarsa ta yi bororo a kan dutsen.

Alhaji bai halarci ko ɗaya daga cikin atisayen nan ba. Da Sakatare ya yi masa maganar cikin raha, sai ya ce, "Ni da na yi noma da ban-ruwa a Aliero tun ba a haife ku ba, gadar Oshodi za ku koya mini?" Aka yi dariya, aka bar zancen. Noman dai ya yi shi, ba ƙarya ya faɗa ba. Amma shekarunsa na baya-bayan nan a kan benci ya yi su, daga rumfa sai mota, daga mota sai masallaci.

Daren da za a tashi, Malam ya tuna musu hadisin nan na Abu Dawud, cewa idan mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Ba a yi wata doguwar shawara ba, ido ya koma kan Alhaji. Shi ne babba a shekaru, shi ne babba a aljihu, shi ne maigidan mutum biyu cikin bakwai. A tsarinmu ba yadda za a yi a tsallake shi a ba ɗan banki mai shekara talatin da 'yan kai, kuma ni ban ga laifin naɗin ba. Inda aka yi sakaci, ba a yi masa na'ibi ba, ba a kuma faɗa a gaban kowa cewa daga ranar da aka sa ƙafa a dutse, maganar tsayawa ko wucewa ta ɗan jagora ce, har a kan shi amirin.

Akwai kuma abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani. Alhaji na da hawan jini, kuma a wurin mai kemis yake sayen maganinsa duk wata. Mai kemis ya ɗauki wannan amana ce tsakaninsa da mai sayen magani. Iyakar abin da ya yi, ya jefa na'urar awon jini a jakarsa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Hanya

An yi gardamar jirgi ko mota. Jirgi zuwa Yola zai rage kwanaki, amma tikitin mutum bakwai zai cinye asusun, sai aka ɗauki shatar bas. Suka bi ta Ibadan da Akure da Okene, suka ratsa Kogi suka shiga Binuwai, ta Gboko da Katsina-Ala da Zaki Biam, garin da duk ɗan Mile 12 ya sani saboda doya, har Wukari, sannan suka karkata ta Bali zuwa Serti. Direba, ko da yake fasinja ne a wannan karon, ya kafa sharaɗin ba tafiyar dare, kuma duk wanda ya san hanyar zai ba shi gaskiya. Kafin Gboko motar ta samu matsala, kayan gyara sai daga Makurɗi aka kawo. Yini guda ya tafi.

Wannan yinin shi ne duk rarar da suke da ita. Tsarin farko shi ne su kwana biyu a Nguroje, su huta, su leƙa gonakin shayi na Kakara inda ake yin Highland Tea, jiki ya saba da sanyi da tudu. Tsaunin Mambilla kansa wajen mita 1,600 yake, wato mai kwana a can ya riga ya yi kashi biyu cikin uku na tsawon dutsen, kuma daga bakin teku suka fito. Da suka gama da ofishin Serti suka kama hawan nan mai murɗe-murɗe daga Mayo Selbe, da yamma liƙis suka isa Nguroje a gajiye. Sakatare ya buɗe littafinsa ya ce in aka kwana biyu, ba zai isa ofis ranar da hutunsa ya ƙare ba. Alhaji, a matsayinsa na amiri, ya ce a wuce da safe. Don kyautata wa yaron ya yi, alhali shi ya fi kowa buƙatar hutun.

Sai daga baya aka san cewa cikin magungunan Alhaji akwai mai sa yawan fitsari. Don kada ya riƙa tsayar da mota a gaban yara, tun daga Legas ya ajiye shan magungunan gaba ɗaya.

Daga Nguroje suka hau babura zuwa Njawai, hanyar jar ƙasa tsakanin tuddai, dogayen itatuwan zaiti da garkunan shanu ko'ina. Rashin ƙudan tsando a wannan tudun ne ya sa Fulani suka yi masa zaman dindindin. Sabis ɗin waya ya ɗauke, maganar tura kuɗi ta ƙare, sai tsaba, kuma Sakatare ya yi tanadinta. Hausa na aiki a can, amma Fulatanci ne harshen hanya da kasuwa. Yankin sai a 1961 ya tabbata cikin Najeriya, bayan ƙuri'ar raba gardama da ta haɗe Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila da Jihar Arewa, kuma har yau dangi ɗaya za ka same su ɓangare biyu na iyaka. Ɗan jagoran da aka haɗa su da shi irin waɗannan ne, Bafulatani matashi da ya yi kiwo a gefen dutsen tun yana yaro. Suka yi tattaki zuwa wani ɗan ƙauye a gindin dutsen, suka gaida Jauro, wato mai garin, da goro da sukari da ganyen shayi, aka ba su masauki.

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, ga iskar hunturu a kai. Babban yaron Alhaji, wanda ya fi kowa ƙarfi, shi ya fi kowa karkarwa a daren. Ruwan alwala sai da aka ɗumama. Malam ya riga ya sanar da su cewa ƙasaru suke yi, suna kuma iya haɗa azahar da la'asar. Alhaji bai yi barcin kirki ba. Da asuba ya ce kansa na sarawa, ya ɗora laifin kan hayaƙin itace.

Ranar hawa

Ɗan jagora ya so a tashi da zarar an sallame asuba. Shayi, ɗaurin kaya da jiran rana ta ɗan leƙo saboda sanyi suka ci fiye da awa guda. Kafin su ɗaga ya faɗi sharaɗinsa, amma Sakatare kaɗai ya faɗa wa, don shi ya gani riƙe da littafi da kuɗi: in azahar ta yi ba a kai sama ba, a juyo, ko ina aka kai. Sakatare ya ce to. Bai isar wa sauran ba, a ganinsa ba za a kai ga haka ba.

Sharaɗin na da dalili, kuma akwai lissafin da ɗan Legas ba ya yi. Agogon Najeriya ɗaya ne, amma Mambilla na can ƙuryar gabas, rana na faɗuwa a can wajen rabin awa kafin ta faɗi a Legas. Wanda jikinsa ya saba da magariba sai bakwai saura, a can shida da 'yan mintoci duhu zai fara rufe shi. Saukowa dutse a duhu, da gwiwoyin da suka yini suna aiki, a nan ake karaya.

Dutsen ba na igiya da ƙugiya ba ne, tafiya ce a ƙasa, ciyawa da duwatsu, tudu bayan tudu, wani wurin ka ratsa ɗan kurmi a cikin kwari. Abin da ke karya zuciya shi ne ka hango abin da ka ɗauka ƙololuwa ce, ka kai, ka tarar da wani tudun a bayansa. Hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. A wannan tsawon, kowane numfashi wajen kashi uku cikin huɗu yake kawowa na abin da yake kawowa a bakin teku. Ciwon da tsananin tudu ke sawa an fi ganinsa daga mita 2,500 zuwa sama, don haka Chappal Waddi bai cika kayar da mai lafiya ta wannan fuskar ba. Amma ga mai hawan jinin da tun daga Legas bai sha magani ba, bai yi barci ba, ya yi kwanaki a takure a mota, ƙaramin ragi ma babba ne.

Tun hantsi Alhaji ya fara zama baya. Taku kaɗan ya tsaya, ya dafa sanda, ya ce yana kallon ikon Allah ne. Babban yaron ya karɓi jakarsa ya haɗa da tasa. Ɗan jagora ya lura, ya ja Sakatare gefe ya ce Baba ba zai kai ba. Sakatare ya kai wa Direba, Direba ya kai wa Malam, Malam ya ce a ɗan ƙara gani. Magana ta zagaya mutum huɗu ba ta isa kunnen mai ita ba. Mai kemis kuwa, wanda ya fi kowa sanin abin da yake gani, na'urar na bayansa, amma fito da ita a gaban yaran Alhaji tona asirin da aka ba shi ne. Fiye da awa biyu aka yi a haka, kowa ya rage sauri yana yi kamar shi ne ya gaji.

A ganina a nan gizo ke saƙar. Mutanen nan ba matsorata ba ne. Kunya ce ta ɗaure su da girmama babba, abubuwan da ke riƙe majalisarmu lafiya a Agege shekara da shekaru, kuma ba na fatan mu rabu da su. Sai dai a kan dutse, kowace awa da aka kashe ana kare mutuncin babba, daga hasken saukowa ake cire ta. Shi ma Alhaji a ɗaure yake. Amiri ne, shi ya biya, shi ya yi cika-bakin Aliero, ga yaransa na kallonsa. Ba wanda ya samar masa hanyar da zai ce ya haƙura ba tare da girmansa ya zube ba, kuma ba za a sa ran mutumin da kansa ke sarawa ya samar wa kansa ita ba.

Malam ne ya samo dabara. Rana na gocewa ya ce a tsaya a yi salla. Bayan an sallame, kowa na zaune, ɗan jagora ya durƙusa gaban Alhaji. Shi baƙo ne, ba ya cin abinci a hannun kowa a Agege, don haka bakinsa a sake yake. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Daga nan ba za ka wuce ba. In ka faɗi a sama, babu mota, babu babur, asibiti sai Gembu." Alhaji ya ce, "Yaro, ni za ka gaya wa?" Sai a lokacin mai kemis ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, don Allah bari in duba ka." Awon ya yi sama ƙwarai. Ya tambaye shi batun magani, Alhaji ya faɗi gaskiya. Ba ciwon ƙirji, ba nauyin baki, ba mutuwar ɓarin jiki, to da sauƙi. Aka ba shi ruwa, ya sha maganinsa da ke cikin jaka, aka tsayar da shawarar saukowa da shi a hankali.

Rabuwar ayari

Da an juyo gaba ɗaya a nan, da labarin ya ƙare. Azahar ta yi, sharaɗin ɗan jagora ya cika. Amma Alhaji, wataƙila don kada a ce shi ya hana kowa, ya ce, "Ku ku wuce. Ban yarda kowa ya fasa saboda ni ba." Umarnin amiri ne, ya kuma zo daidai da abin da Sakatare ke so. Ɗan jagora ya ce lokaci ya ƙure. Sakatare ya ce ai ga saman nan ana gani. Sauran ba su san an taɓa yin wani sharaɗi da safe ba, sai suka ɗauki maganar ɗan jagora shawara ce kawai.

Jami'in gandun, da ya ga za su tafi ko da shi ko ba shi, ya bi Sakatare da Direba da ƙaramin yaro. Ɗan jagora, wanda ya fi kowa sanin hanya, ya sauka da Alhaji da Malam da mai kemis. Babban yaron ne abin tausayi. Shi ya fi kowa ɗokin tafiyar, shi ya fi kowa sauran ƙarfi. Alhaji ya ce masa ya bi su, ya sake ce masa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, in na bar ku a nan, da wane ido zan kalli mutanen gida?" Ya saɓa jaka biyu ya juya.

Ukun sun kai sama bayan la'asar. Hazo ya rufe Kamarun da aka ce za su hango, suka ɗauki hotuna, suka juyo da sauri. Duhu ya same su ba su yi rabin saukowa ba. Tocila ɗaya ce a tsakaninsu, ta jami'in, don sauran na cikin jakar da babban yaro ya sauka da ita. Sai fitilun waya, su kuma sanyi ya zuƙe musu caji. A wani gangare Sakatare ya zame ya yi targaɗe a gwiwa, daga nan tafiyar ta koma ta dafa kafaɗa. Da isha'i ta wuce ba labarinsu, Jauro ya tashi samarin ƙauye, ɗan jagora ya sake hawa da su da fitilu, shi da ya riga ya yini a ƙafa. Sai tsakar dare aka shigo da su.

Washegari ba wanda ya iya tafiya. Aka ƙara kwana, aka nemo doki ya fitar da Sakatare zuwa inda babur ke isa, aka biya ta asibiti a Gembu aka duba shi da Alhaji. Kuɗin ko-ta-kwana ya riga ya tafi a ƙarin kwanan Binuwai, don haka Alhaji ne ya ciro daga aljihunsa ya sallami samarin ƙauye da mai doki, ya kuma biya mai bas kwanakin da suka ƙaru. Sakatare ya koma ofis a makare da kwanaki, yana ɗingishi.

Zaman Agege

Rigimar ta taso ne ranar da Sakatare ya kawo lissafi ya raba ƙarin kuɗin kashi bakwai daidai, kowa ya mayar wa Alhaji nasa. Mai kemis ya ce bai ga dalilin da zai biya kuɗin dokin wanda ya wuce bayan an ce a juyo ba. Sakatare ya ce, "Da ka faɗi abin da ka sani tun a Legas, da ba mu ɓata awa biyu a gefen dutse ba, da mun kai mun sauko da rana." A nan ne Direba, wanda ɗan jagora ya ba labarin sharaɗin a hanyar dawowa, ya fasa ƙwai. Mai kemis ya ce, "Ashe kai ma akwai abin da ka riƙe." Daga wannan ranar suka daina gaisawa, har dattawan majalisa suka kira zama.

Ba na sa su a ma'auni ɗaya. Sharaɗin juyowa ba sirrin kowa ba ne, dukiyar ayari ce aka ba Sakatare ajiya, ya riƙe saboda ya san in ya faɗa zai ɗaure kansa. Nasa ya fi nauyi. Mai kemis amana yake karewa, kuma unguwa ba za ta zauna lafiya ba in mai sayar da magani ya zama mai shela. Amma tsakanin shela da shiru akwai hanyar da bai bi ba. Yana iya samun Alhaji shi kaɗai tun a Legas ya ce sai ya ga likita kafin tafiya. Yana iya tambayarsa kowace safiya a ɓoye ko ya sha magani, da tun a Okene zai gano an ajiye shi. Yana iya auna shi a ɗaki a Nguroje, ko a ƙauyen da asuba lokacin da ya ce kansa na sarawa. Na'urar ta yi tafiyar kwanaki a jaka ba a buɗe ta ba sai da rana ta goce a tsakiyar dutse.

Alhaji a zaman ya ɗauki laifin duka a kansa, ya ce shi ya ɓoye, shi ya ce a wuce, kuɗin kuma ya yafe. Kowa ya fara yi masa godiya, sai Direba ya nemi izini ya yi magana. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka yafe, gobe ma aljihu ne zai yi amiri, mu kuma ba za mu iya ce maka komai ba. Bari kowa ya biya nasa, don kowa ya samu baki." Majalisa ta yi tsit, don ba a saba jin irin wannan a gaban Alhaji ba. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a yi yadda Direba ya ce. Aka tsayar da cewa ƙarin kwanan Binuwai da na mai bas na kowa ne, kuɗin samarin ƙauye na waɗanda suka wuce ne, kason ƙaramin yaro a kan Alhaji tun da umarninsa ya bi, doki da asibiti kuwa kowa ya ji da nasa. Aka kuma haɗa wani abu aka aika wa ɗan jagora ta hannun wani ɗan kasuwa a Nguroje, don ya hau dutsen sau biyu a rana ɗaya an biya shi kuɗin hawa guda. Sakatare da mai kemis suka yi musabaha a gaban dattawa.

Sun yanke shawarar komawa, wannan karon a Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai sauko ba. Sakatare ya rubuta takarda. A ciki akwai amiri da na'ibinsa, akwai cewa a kan dutse maganar ɗan jagora ce ta ƙarshe kuma a gaban kowa zai faɗi lokacin juyowa, akwai rarar kwana biyu da ba a taɓa ta don hutun ofis ɗin wani, akwai tocilar kowa a jikinsa. Duk wannan ba a yi musu ba. Alhaji ya ce shi iyakarsa Nguroje, zai jira su wurin mai shayi, ya kuma sa sunan babban yaronsa farko a sabon adashin.

Sakin layi ɗaya ne ya gagara, na lafiya. Sakatare na son kowa ya kawo takardar likita ya kuma faɗi ciwonsa a gaban ayari. Malam da Alhaji sun ce ciwon mutum sirrinsa ne, ba a tilasta wa magidanci ya karanta shi a majalisa. Direba ya kawo tsaka-tsaki, a faɗa wa mai kemis shi kaɗai, shi kuma ya sanar da amiri da ɗan jagora in ya ga dalili. Mai kemis ya ce ba zai sake ɗaukar wannan kayan ba sai kowa ya rubuta masa izini da hannunsa, kuma mutum biyu sun ce ba za su rubuta ba. An fara zubin adashin, takardar dai har yanzu ba a sa mata hannu ba.